Fenti, Hoda ko Tutiya: Wanne Ya Dace da Kayan Numfashin Injin Tsohuwar Mota?

Kayan numfashin inji, wato waɗanda iska da hayaƙin cikin inji ke bi ta cikinsu, su ake fara ɓatawa idan an tashi sabunta tsohuwar mota. Mai fenti yana gama jikin mota sai ya juyo da ragowar baƙin da ke cikin bindigarsa ya feshe murfin saman inji, da iyakilina (matatar iskar inji), da bututun zuba baƙin mai, har da tiyo da kilif, duk launi ɗaya mai sheƙi. Wani kuma ruwan azurfa na gwangwani zai bi su da shi. Ranar farko abin ya burge. Bayan wata biyu fetur ya ɗiga daga kafireto, fentin ya yi laushi ya tattare, ƙura ta manne masa. Wanda ya san motar kuwa tun ranar farkon ya ga ba haka ta fito daga kamfani ba.

Hanyoyin da ke gabanka ba su da yawa: fentin gwangwani, fenti mai haɗin hadana (sinadarin da ke ɗaure fenti ya yi tauri) da ake fesawa da bindiga, fentin hoda da ake gasawa a tanda, shafen tutiya ta hanyar lantarki, sai kuma barin ƙarfen tsirara kamar yadda ya zo. Babu guda ɗaya a cikinsu da ta dace da dukkan kayan. Abu biyu ne ke yanke hukunci a kan kowane yanki: me kamfani ya shafa masa, kuma me ke cikin cikinsa. Na biyun shi mutane suka fi mantawa, kuma shi ne ke kashe inji.

Kowane inji, ko sabo ne, yana da ɗan hayaƙin da ke kuɓucewa ta gefen ringin fistin ya sauka ƙasa inda baƙin mai yake. Hayaƙin nan yana ɗauke da tururin ruwa da fetur da bai ƙone ba. In bai sami hanyar fita ba sai ya matsa wa sil da gasket, mai ya fara tsiyaya, cikin inji ya yi baƙin kunu. Motocin da suka girme wa shekarun 1960 bututu kawai ake sa musu ya leƙa ƙarƙashin mota, iskar gudu ta riƙa zuƙe hayaƙin. A jihar Kalifoniya ta Amurka aka fara sa bawul ɗin PCV, mai zuƙe wannan hayaƙin, a motocin 1961, zuwa 1963 ya game sababbin motocin ƙasar, aka koma mayar da hayaƙin cikin inji ya ƙone. Motocin Turai da suka cika titunanmu da yawansu ba su da bawul ɗin ma. Tiyo ne daga murfi ko bututun mai zuwa iyakilina, wani lokaci da ɗan ƙaramin rami mai awo da ke shiga hanyar iskar kafireto. Abin lura shi ne duk abin da ya maƙale a cikin waɗannan kayan, ko yashi ko ɓawon fenti, ƙarshensa cikin baƙin mai ne ko cikin silinda.

A fara da gano abin da kamfani ya yi

Kafin a taɓa komai da samfefa, a nemi shaida a jikin kayan. Kwance kilif ɗin da ya riƙe bututun, ko ka ɗaga ƙafar da iyakilina ke zaune a kai. A wanke wurin da ruwan omo da tsohon buroshin haƙori, a goge, a fito da shi hasken rana. Za ka ga ɗan zirin da bai wuce faɗin yatsa ba inda rana da gishirin gumi ba su kai ba: baƙi ne amma ba ya nuna fuskarka, kwan fitila in ya haska shi sai ka ga hasken ya baje ba shi da baki. Siriri ne ƙwarai, har tabon injin da ya buga ƙarfen da ɗigon walda suna nunawa ta ƙarƙashinsa. Wani lokaci ma ka ga inda fentin ya gangaro ya daskare a kusurwa, domin irin waɗannan ƙananan kayan tsoma su ake yi ko a fesa musu shafi ɗaya a wuce. Wannan zirin shi ne ma'auninka, ba hoton intanet ba.

Ga masu Peugeot wannan ya fi muhimmanci. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504 ta daɗe ana yin ta a can bayan Faransa ta daina. Motocin da aka yi wa ƙasashe masu ƙura sau da yawa iyakilina mai wankan mai, wato mai kwanon mai da ke kama ƙura, suke zuwa da ita, ba mai takarda ba, saboda haka hoton motar da aka sayar a Faransa ba hujja ba ce a kan ta Kaduna. In kana da hali ka leƙa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka duba tsofaffin kayan da ba a taɓa fesawa ba; ko ba ka saya ba, idonka ya ɗauki launi.

A dunƙule, ga yadda abin yake a motocin da aka fi gani. Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa harhaɗawa a Ojo ta Legas daga 1975, kwanonin injinta da iyakilina da bututun mai da murafun bawul duk baƙi ne mai matsakaicin sheƙi. Marsandi samfurin W123 da ta fito a 1976 murfin saman injinta alminiyon ne tsirara, gidan iyakilina baƙi, ƙananan ƙarafa da notuna kuma suna da shafi mai ruwan ɗorawa. In akwai takardar gargaɗi ko layin awon mai a jikin iyakilina, a ɗauki hotonsa da rula a gefe kafin a kankare, domin a san girmansa da inda yake.

Wanki, inda aka fi yin ɓarna

Hanyoyi biyu sun yi ƙaurin suna a garejojinmu, kuma duka biyun a guje su. Na farko zuba fetur a cinna wa kayan wuta don man ya ƙone. Wutar tana lanƙwasa bakin murfi ya daina zama daidai a kan gasket, tana narkar da likin dalma, kuma in iyakilinar Beetle ce tana cinye zaren ɓawon kwakwa da ke cikin samanta, wanda shi ne matatar. Na biyu feshin yashi. A kan ƙarfe buɗaɗɗe ba laifi, amma murfin saman inji mai faranti a liƙe ta ciki, ko murfin numfashi mai raga, ko bututun da ke da lungu, yashi yana shiga ya haɗu da tsohon mai ya zauna. Ka wanke sau biyar bai fita ba. Sai inji ya yi zafi, mai ya yi ruwa, ya kwaso shi ya kai wa metal ɗin kiranshaf. In dole sai an fesa yashi, a huda ɗigon waldar a cire farantin, a gama aiki a mayar. In ba za a iya haka ba, to a bar yashi.

Abin da ke aiki shi ne haƙuri. A jiƙa kayan cikin kananzir kwana ɗaya ko biyu, a girgiza, a canja kananzir har ya daina fitowa baƙi, sannan ruwan zafi da omo. Murfin numfashi irin na Land Rover da tsofaffin motoci, in ka leƙa ta ramukan ƙasansa za ka ga dunƙulen waya. In ya toshe sai ka gan shi kamar an cusa kwalta. Wanke shi har ka iya hura iska da baki ta wuce ba tare da ka cika kumatu ba. In wayar ta ruɓe, a maye ta da soson ƙarfe mai kauri marar tsatsa irin na wanke tukunya, wanda ba shi da sabulu a ciki. Siririn soson ƙarfe mai laushi kada a kusance shi, yana marmashewa inji ya shaƙe.

Tsatsa kuma hanya biyu ce mai sauƙi. Ko a jiƙa ƙarfen cikin ruwan sitirik, giram 50 a kowace lita, ya kwana; ko a yi ta lantarki: bokitin roba, giram 10 na soda-ash irin ta masu haɗa sabulu a kowace lita ta ruwa, tsohuwar cajar batir mai bolt 12, baƙar waya a jikin kayan, jar waya a jikin guntun rodi, kada su taɓa juna. A yi shi a fili domin iskar da ke tashi tana kama wuta, kuma kada a sa ƙarfe marar tsatsa a madadin rodin, yana sakin guba a ruwan. Ta lantarkin ta fi kyautata wa siririn kwano domin ba ta cin lafiyayyen ƙarfe. Bayan ruwan sitirik a ɗauraye da ruwan bekin soda, ko ruwan kanwa da aka tace, don a kashe tsamin da ya shige lungu. Ruwan batir ba abin cire tsatsa ba ne, komai yawan masu yi.

Iyakilina mai wankan mai tana da wata cuta tata. Ruwa ya fi mai nauyi, sai ya kwanta a gindin kwanon shekara da shekaru ya huda shi ƙananan huji. Bayan an cire tsatsa a zuba kananzir a ɗora kwanon kan takarda ya kwana. Inda takardar ta jiƙe a like da dalma. Ka riƙe wannan a ranka, domin likin nan shi zai hana ka kai kwanon tanda.

Baƙin: gwangwani, hadana ko hoda

Fentin gwangwani shi ne mafi araha da sauƙi, kuma abin mamaki shi ya fi kusa da siririn shafin kamfani a ido. Matsalarsa fetur. Ba shi da sinadarin da ke ɗaure shi, bushewa kawai yake yi, saboda haka duk abin da ya narkar da shi a gwangwani zai sake narkar da shi a jikin mota. Wanda aka rubuta na inji ne, mai jure zafi har wajen digiri 260 a ma'aunin Salsiyos, ya fi na gama-gari, amma shi ma kafireton da ke ambaliya zai ci shi. Akwai kuma na salansa mai jure sama da digiri 600. Mutane suna ɗauka tunda ya fi jure zafi ya fi kyau. Ba haka ba ne. Irin wannan sai ya gasu da zafi mai tsanani kafin ya yi ƙarfi, murfin saman inji kuwa da ƙyar yake wuce digiri 110, don haka fentin ba ya taɓa nuna, yana zama kamar alli, ka taɓa ya biyo hannunka. Fentin selulos da wasu masu feshi ke da shi a hannu shi ma tina da fetur suna ɗaga shi. Fentin mai na ƙofa da taga kuwa ba a ma maganarsa.

Gwangwani ya dace da abin da ke nesa da fetur: ƙafar riƙe bututu, bututun da ke leƙa ƙasa, ko motar da ake so ta yi kyan gani na ɗan lokaci kafin babban gyara. Ya kuma fi sauƙin gyarawa in ya ƙarje.

Fenti mai hadana, wanda ake rubuta wa 2K, shi ne zaɓin da ya fi dacewa da mafi yawan baƙaƙen kayan nan, kuma kowane mai fentin mota a Sabon Gari ko Tudun Wada yana da bindiga da kwamfuresan yin sa. In ya gama ɗaurewa fetur da baƙin mai ba sa yi masa komai, kuma zafin murfi da iyakilina bai kai inda zai dame shi ba. Wahalarsa biyu ce: samun daidai sheƙin, da hana mai fenti lafta shi.

Ga yadda ake yi. A goge ƙarfen da samfefa lamba 180, a share da tina mai tsabta da farin ƙyalle har ƙyallen ya daina canja launi. A toshe kowane bakin bututu da rami, a rufe fuskar da gasket ke zama, da cikin kwanon mai na iyakilina daga layin awo zuwa ƙasa. Wurin nan mai ne zai kare shi, fenti a can ɓawo kawai zai yi. A fesa faraimar ifoksi shafi ɗaya siriri. Ban da faraima mai kauri ta cike rami, ban da fila, domin su ne ke binne lambobin da aka buga a jikin ƙarfe. In faraimar ta kwana a ɗan shafe ta da lamba 400. Haɗin fentin yawanci kashi 2 ne da kashi 1 na hadana, wasu kashi 4 da 1, sai tina kimanin kashi 10 cikin ɗari; abin da ke jikin gwangwanin shi za a bi, da kofin awo, ba da ido ba. Bakin bindiga milimita 1.3 ko 1.4, matsin iska wajen bar 2 a agogon awo, nisa santimita 15 zuwa 20. Shafi biyu, a bar minti 10 zuwa 15 a tsakani. Iyakilina ɗaya da murfi da bututu da ƙafafunsu, rubu'in lita na faraima da kamar haka ko ɗan fi na baƙin da aka haɗa sun wadatar.

Sheƙin kuma, ko a sayi baƙin da aka riga aka yi shi matsakaici, ko a zuba sinadarin kashe sheƙi a cikin mai ƙyalli. Sinadarin yana kwantawa a gindin gwangwani, in ba a motsa sosai ba shafin farko ya fito da ƙyalli na ƙarshe ya fito a dushe. Hannu ma yana canja shi: shafi mai jiƙa ya fi sheƙi, busasshe ya fi dushewa. Saboda haka a fesa guntayen kwano uku da haɗi daban-daban, a rubuta awon kowanne a bayansa, a bar su su kwana domin sheƙin yana sauka bayan bushewa, sannan a kara su da zirin asalin a hasken rana. Mai fenti zai ce maka, "Alhaji, bari in ɗora masa kiliya ya fito." Ka ce masa a'a, Malam, haka nake so. Kiliya, wato shafin ƙyalli marar launi da ake ɗorawa a sama, ita ce ke mayar da aikin na zamani. Hadana tana ɗauke da sinadarin da ke lalata huhu, takunkumin ƙyalle ko na asibiti ba ya tare shi. Sai mai matatar gawayi, kuma a wuri mai iska.

Fentin hoda garin roba ne da ake fesawa da cajin lantarki, a gasa a digiri 180 zuwa 200 na minti 10 zuwa 20. Ya fi sauran jure ƙarzuwa da duka, shi ya sa masu Beetle da yawa ke kai manyan kwanonin inji a yi musu, kuma a nan ba su yi kuskure ba, tunda buɗaɗɗen ƙarfe ne marar ciki. Amma ga kayan numfashi illolinsa sun fi amfaninsa. Kaurinsa yakan kai maikiron 60 zuwa 120, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita; wannan ya isa ya shafe lamba, ya dunƙule kusurwa, ya hana murfi shiga bakin bututu. Dalmar liki tana fara narkewa a wajen digiri 183, wato daidai zafin tandar. Tsohon man da ya shige tsakanin ƙarfe biyu da aka naɗe yana tafasowa a tanda ya huda fentin ƙuraje-ƙuraje a bakin ɗinki, sai dai in an fara gasa kayan tsirara an sake wankewa. Roba da sifirin da zaren da ke cikin murfi duk suna mutuwa. Sannan masu wannan aikin kusan kullum da feshin yashi suke farawa. In kuma ya fashe a gefe ɗaya, ruwa yana bi ta ƙarƙashi yana cin ƙarfen ba ka gani, kuma ba a yi masa faci ya ɓace. Murfin saman iyakilina mai takarda, wanda faranti ne kawai, ana iya yi masa hoda in ba ka damu da ɗan kauri ba. Murfin numfashi, bututun mai, kwanon wankan mai da duk abin da ke da faranti a ciki, a bar su ga bindiga.

Abin da ba baƙi ba

Kilif, notuna, ƙananan bututun ƙarfe, jikin bawul ɗin PCV na motocin Japan da Amurka, waɗannan ba fenti kamfani ya yi musu ba, shafin tutiya ne ko kadmiyom, fari-fari ko mai ruwan ɗorawa da ɗan kore da ja suna gilmawa. Fentin zinare na gwangwani ba ya kama da shi ko kaɗan, launinsa ɗaya ne a daskare. In ana son daidai sai shafen tutiya ta lantarki, kauri maikiron 8 zuwa 12, a biyo da tsomi na fari ko na ɗorawa. Lissafinsa: amfiya ɗaya a kan kowane fili mai santimita 10 tsawo da 10 faɗi yana ajiye maikiron 10 cikin minti 35 ko ɗan fi. Wuta in ta yi yawa gefuna su ƙone su yi toka-toka.

Tutiya ba ta ɓoye komai. Ramin tsatsa da zanen samfefa duk za su fito fili, don haka kilif ɗin da ya ci ramuka gara a nemi wani. Ba ta shiga cikin bututu mai tsawo, ciki zai fito tsirara bayan asid ya wanke shi, sai a bi shi da mai nan take. Sifirin da kilif mai tsalle da notuna masu ƙarfin lamba 10.9 zuwa sama suna shan iskar haidirojin wajen shafen su yi gautsi, su karye bayan kwanaki ba tare da gargaɗi ba. Maganinsa a gasa su a wajen digiri 200 na awoyi da dama jim kaɗan bayan shafen. In mai aikin bai san wannan ba, kada ka ba shi sifirin. Tsohon shafin kadmiyom guba ne, kada a goge shi da injin waya a shaƙi ƙurar. Bawul ɗin PCV kuma ba a tsoma shi ruwan shafe, domin akwai sifirin da harshe a ciki. A wanke shi da fetur, a girgiza a ji yana ƙara, a goge jikinsa da ƙyalle mai ɗan mai. In ya mutu a nemi mai lamba iri ɗaya. Kamar jiki ba ta nufin awon iskar ɗaya ne, kuma wanda bai dace ba yana sa silo, wato gudun inji in mota na tsaye, ya riƙa rawa.

Akwai ƙananan ƙarafa masu launin toka mai duhu marar sheƙi, wannan fosfet ne da aka shafa wa mai. Ba ya jure damina sai ana sabunta man. Ga motar da ake hawa kullum, baƙin fenti dusasshe siriri ya fi zama lafiya a kansu.

Shafen kurom kuwa, ko kusa kada a yi. Kayan ƙawa ne na kasuwa, kuma murafun kurom masu araha sau da yawa ba su da farantin tare mai a ciki, sai tiyo ya riƙa kai mai iyakilina.

Murfin alminiyon irin na Marsandi aikinsa wanki ne kawai, amma a nan ake yin kuskure mafi tsada. Kostik soda tana cin alminiyon. Cikin 'yan mintuna murfin ya yi baƙi-baƙi da ramuka, ba ya dawowa. Ruwan soda-ash na lantarkin can ma ba nasa ba ne. Kananzir, ruwan zafi da sabulun wanke kwano, da buroshin roba mai tauri, su ne kayan aikin. Buroshin ƙarfe yana barin ƙwayoyin ƙarfe a jiki su yi ɗigon tsatsa. Gogewa har ya zama madubi tana shafe ɓarzajjen fatar da ya fito da ita daga zubi, kuma ba a mayar da ita. Wanda ya fesa masa ruwan azurfa ya rufe matsalar ne na shekara ɗaya. Murfi mai ɗan tabon tsufa amma tsirara ya fi kusa da asali a kan wanda aka fesa.

Tiyo ba a fesa masa komai. A sayi mai jure mai, ba tiyon ruwan lagireto ba, wanda baƙin mai ke kumbura shi ya yi laushi ya manne ta ciki ya toshe hanya alhali ta waje lafiya lau. Motocin Jamus da yawa tiyo mai saƙar zare a waje suke da shi. A Beetle a duba ɗan robar da ke bakin bututun da ya leƙa ƙasa. In babu shi inji yana zuƙar ƙurar hanya kai tsaye. Akwai kuma faranti mai tsaga-tsaga a ƙarƙashin ƙafar janareto, a yi masa alama kafin a cire domin yana da fuskar da yake kallo. Injin Beetle ba shi da sil a bayan fulin kiranshaf, zare irin na notu da ke jikin fulin ne kawai ke mayar da mai ciki, shi ya sa da zarar numfashinsa ya toshe ta nan yake fara feso mai.

Lokacin aiki ma yana da tasiri a Zariya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska a bushe take, tsirarar ƙarfe ba ta saurin tsatsa, amma ƙurar hunturu tana sauka kan ɗanyen fenti. A yayyafa ruwa a ƙasa, a fesa da safe kafin iska ta tashi, a kifa kwali a kai. A zafin Maris da Afrilu fentin yana bushewa a iska kafin ya isa ƙarfe ya fito da ɓarzo, sai a nemi tina mai jinkirin bushewa kuma kada a ajiye kayan a rana kafin feshi. A Agusta ƙarfen da aka cire wa tsatsa da safe kafin azahar ya yi ja, don haka faraima ta biyo bayan wanki a rana ɗaya, kuma a tsiyaye ruwan tankin kwamfuresa kafin a fara.

In motar ta zuwa biki da taron masu tsofaffin motoci ce, ana son ta yi daidai da asali, to hadana siririya a kan baƙaƙen kaya, tutiya a kan ƙananan ƙarafa, alminiyon tsirara. In ta hawa ce kullum zuwa Kaduna da dawowa, amsar kusan ɗaya ce, sai dai ana iya barin tutiya a sayi sababbin kilif masu kama da na asali, a kuma yi wa buɗaɗɗun kwanoni hoda. In asalin fentin yana nan kashi mafi yawa, a wanke shi a shafa masa ɗan kakin goge mota a bar shi haka.

Bayan feshi a ba hadana kwana 7 kafin fetur ya taɓa ta. A cire duk abin da aka toshe ramuka da shi, a ƙirga su, domin guntun tef da aka manta a bakin tiyo yana toshe numfashi kamar yadda datti ke yi. Ɗan ramin nan mai awo a buɗe shi da siririyar wayar tagulla, ba da dirila ba, kada ya faɗaɗa. A zuba mai a iyakilina zuwa layi. A tayar da inji ya yi zafi, a buɗe murfin mai a silo a ɗora takarda a bakin. Injin da ke da bawul ko ramin da ke zuƙa zai ɗan riƙe takardar ko ta riƙa karkarwa a wurin. Wanda numfashinsa iyakilina ko bututun ƙasa kawai yake zuwa zai ɗan riƙa hura ta, wannan ba komai. In kuwa hayaƙi ne ke bugowa da ƙarfi yana ture takardar, ringi ne suka gaji, kuma sai an gyara su kafin sabon fentin ya daina jiƙewa da mai.